Tukunyar Wuta: Tarihin Wani Tsohon Makami da Darasinsa ga Ƙasar Ruma

Gabatarwa

   

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da wata rana ba, muna aji huɗu, da malaminmu na tarihi yake ba mu labarin yadda Rumawa suka ƙone jiragen ruwan Larabawa da wata irin wuta wadda ruwa ba ya kashe ta. Nan take aji ya kece da dariya, aka juyo ana kallon mu 'yan Batsari, ana cewa ashe kakanninmu har yaƙin teku sun taɓa. Malam ya bari sai da dariya ta lafa, sa'an nan ya ce waɗancan Rumawan na birnin Rum ne, ba na Ruma ba, amma duk wanda ya je hutu ya tambayi kakansa abin da wuta ta yi wa ƙasarsu, zai ji abin da ya fi wannan. A lokacin ƙuruciya ta hana mu tambaya.

Abin da ya dawo mini da wannan magana shi ne wani rahoton bincike da ya fito a shekarar 1922 da ɗari, wato 2022, a kan wasu tsingaro da aka tono a birnin Ƙudus, waɗanda ake jin cewa ɗaya daga cikinsu ragowar gurnetin yumɓu ne na zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Daga nan na shiga bin diddigin wannan makami, bin diddigin kuwa ya yi ta tafiya da ni har ya dire ni a ƙofar gida. Abin da na fahimta, wanda kuma shi nake son in gabatar wa mai karatu, shi ne cewa a can da nan duka, ɓarnar da wuta ta yi wa mayaƙa kaɗan ce in an gwada ta da wadda ta yi wa garuruwa da abincin talakawa.

Siffar Tukunyar

Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun daɗe suna tsintar wasu 'yan ƙananan tuluna a kufan biranen Masar da Sham da Iraƙi da Farisa, har zuwa tsakiyar nahiyar Asiya. Yawancinsu an yi su ne tsakanin ƙarni na 9 da na 15. Girman kowane bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba, kamar ɗan rumman babba. Samansa a kumbure yake, gindinsa kuma da tsini, don haka ba ya zama da kansa sai an jingine shi. Bakinsa ɗan mitsitsi ne, da kyar ƙaramin yatsa zai shiga, kuma akwai ɗan wuya wanda za a iya ɗaura igiya ko a toshe shi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ginin tukwane ya san cewa tulun ruwa ana son sa da ɗan shan iska, domin ya riƙa tsattsafo ruwan ya yi sanyi. Waɗannan tuluna akasin haka suke. Jikinsu kauri gare shi ƙwarai, an gasa su da wuta mai tsananin zafi har sun yi tauri kamar dutse, ba sa yoyo ko kaɗan. Wato an yi su ne don ajiye wani abu mai daraja ko mai haɗari, wanda ba a son ko ɗigo ya fita. Wani abin sha'awa kuma shi ne kalmar gurneti da muke amfani da ita yau ta samo asali ne daga sunan rumman a harshen Faransanci, saboda kamar da ke tsakaninsu.

Asalin Wutar

Rumawan da malam ya ba mu labari su ne na daular Rum ta Gabas, wadda hedikwatarta ke Ƙusɗanɗiniyya, birnin da ake kira Istanbul a yau. Tarihinsu ya nuna cewa wajen shekarar 672 wani magini mai suna Kalinikus ya gudo daga ƙasar Sham ya kawo musu sirrin wani haɗi mai ci da wuta ko a kan ruwa. Da shi suka kare birninsu daga jiragen Banu Umayya a shekarun 670, da kuma a babbar kewayewar da aka yi wa birnin daga 717 zuwa 718. Sun riƙe sirrin nan tamau har ya ɓace tare da su, sai dai galibin masana sun tafi a kan cewa ɗanyen man fetur ne ginshiƙinsa, ana haɗa shi da ƙaron itace don ya yi danƙo ya manne wa abin da ya taɓa.

Hanya biyu suke bi wajen aika wutar. Ta farko ita ce fesa ta daga wani bututun tagulla da ke goshin jirgi. Ta biyu ita ce zuba ta cikin tukwanen ƙasa a jefa. Sarkinsu Liyo na 6, wanda ya yi mulki daga 886 zuwa 912, ya bar littafi a kan dabarun yaƙi, inda ya ambaci jefa wa jirgin abokan gaba tukwane cike da wannan wuta, wasu kuma cike da ɗanyen farar ƙasa mai shaƙe numfashi. Hikimar amfani da yumɓu a fili take. Yana da araha, ana samun sa ko'ina, mai ba ya cin sa, kuma da ya daki abu mai tauri zai tarwatse ya watsa abin da ke cikinsa.

Musulmi ba su tsaya kallo ba. A ƙasashensu akwai wuraren da ɗanyen mai ke ɓuɓɓugowa da kansa daga ƙasa, kamar yankin Kirkuk a Iraƙi da Baku a bakin tekun Kasfiyan. Larabawa suna kiran wannan mai nafɗu, kuma masanansu sun iya tace shi ya zama fari mai saurin kamawa. Rundunonin Abbasiyawa suna da rukuni na musamman da ake kira naffaɗun, waɗanda aikinsu ke nan, jefa wuta. Ƙananan tukwane da hannu ake wurga su, manya kuwa sai an ɗora su a kan wata ƙatuwar majaujawar katako da ake kira manjaniƙ. A zamanin Salahuddin Ayyubi wani masani mai suna Marɗi al-Ɗarsusi ya rubuta masa littafin makamai wanda ya ƙunshi hanyoyin haɗa nafɗu iri-iri.

Hasumiyoyi Uku a Akka

Labarin da ya fi shahara game da wannan makami ya faru ne a Akka, wani birni mai tashar jiragen ruwa a gaɓar Falasɗinu. Daga 1189 zuwa 1191 mayaƙan Turai na yaƙin Salibiyya sun kewaye birnin, Musulmi na ciki, shi kuma Salahuddin yana waje da rundunarsa yana neman hanyar agaza musu. Turawan suka gina hasumiyoyi uku na katako waɗanda suka ɗara ganuwar birnin tsawo, suka sa musu ƙafafun gungurawa, suka lulluɓe su da fatun da aka jiƙa da ruwan khal don kada wuta ta kama. Masu jefa nafɗu na cikin birni suka yi iyakar ƙoƙarinsu, abu ya faskara, har mutane suka fara fid da rai.

A watan Mayu na 1190 sai wani saurayi mutumin Dimashƙa, wanda ya fito daga gidan maƙeran tagulla, ya nemi a ba shi dama. Ba soja ba ne, mutum ne kawai mai sha'awar haɗe-haɗen magunguna masu kama wuta. Da farko shugaban tsaron birnin ya yi masa kallon raini, daga baya ya ce a ba shi abin da yake so. Alƙali Ibn Shaddad, wanda ke tare da Salahuddin a lokacin, ya ce a tukwanen tagulla saurayin ya dafa haɗin nasa. Ibn al-Asir kuma ya ƙara da cewa tukwanen farko da aka harba babu wuta a jikinsu, suka fashe a kan hasumiya ba abin da ya faru, Turawan da ke sama suna ta tsalle suna shewa. Ashe jiƙa katakon ake yi. Da ya tabbata ya jiƙu, sai ya aika da mai wuta, hasumiya ta kama ƙurmus. Haka aka bi sauran biyun. Da aka kawo masa tukuici sai ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi.

To, amma mai karatu ya lura da ƙarshen zancen. Duk da wannan gagarumar nasara, Akka ta faɗa hannun Turawa a watan Yuli na 1191. Wutar ta ƙone katako, ta jinkirta faɗuwar birnin da shekara guda da 'yan watanni, iyakar abin da ta iya ke nan.

Gobarar Fusɗaɗ

Shekara 22 kafin abin da ya faru a Akka, an yi amfani da wannan makami ta wata fuska dabam. Fusɗaɗ shi ne birnin da Amru ɗan Asi ya kafa a Masar a 641, kuma ko bayan an gina Alƙahira a kusa da shi, nan ne cibiyar kasuwanci da sana'o'i, nan talakawa suke. A 1168 Sarki Amalrik na Turawan da ke riƙe da Ƙudus ya tunkaro Masar da yaƙi. Fusɗaɗ ba ta da ganuwar kirki. Wazirin Faɗimiyawa mai suna Shawar ya ji tsoron kada abokan gaba su kama ta su mai da ita sansani, sai ya ba da umurni kowa ya fita, a sa mata wuta.

Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, wanda ya yi rubutu fiye da shekara 200 bayan aukuwar abin, ya ce an rarraba tukwanen nafɗu 20,000 da bakin wuta 10,000 a cikin birnin, kuma wutar ta yi kwana 54 tana ci. Ya bayyana yadda mutane suka fita a gigice, uba bai tsaya ɗansa ba, kuɗin hayar jaki ko raƙumi zuwa Alƙahira ya yi tashin gwauron zabo. Ko da an rage wani abu daga wannan lissafi, ya nuna cewa tukwanen nan a jibge suke a rumbunan makamai. Ya kuma nuna cewa amfani mafi girma da tarihi ya rubuta an yi da su, a kan gidajen talakawa aka yi shi, da umurnin wanda ya kamata ya kare su. Shi kansa Shawar bai ci ribar abin ba, domin an kashe shi a farkon 1169.

Gardamar Masana

Ba dukkan masana suka yarda cewa 'yan tulunan nan masu tsinin gindi gurneti ba ne. Wasu sun ce na ajiye zaiba ne, domin an sami ragowarta a cikin wasu. Wasu sun ce na turare ne ko magani. Wasu kuma sun kafa hujja da rubutun da ke jikin kaɗan daga cikinsu, mai yi wa mai shi fatan a sha lafiya, suka ce na wani abin sha ne mai kumfa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya, don me mutum zai ɓata lokaci yana yi wa abin da za a jefa ya fashe ado da zane?

Binciken 2022 da na ambata, wanda Carney Matheson na Jami'ar Griffith ta ƙasar Ostareliya ya jagoranta, ya duba tsingaro huɗu da aka tono a Lambun Armeniyawa na birnin Ƙudus a shekarun 1960, daga ƙasar da ta dace da ƙarni na 11 da na 12. Da aka auna abin da ya manne a cikinsu, sai aka ga ɗaya mai ya riƙe, biyu kayan ƙamshi ko magani, na huɗun kuwa, wanda ya fi kauri kuma babu ado a jikinsa, yana ɗauke da farar wuta da wasu sinadarai da suka dace da abin fashewa. Ashe ke nan kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Siffa ɗaya ce, aiki dabam-dabam, kamar yadda kwalba ɗaya a yau wani zai zuba mata man gyaɗa, wani turare, wani kuma fetur.

Inda babu gardama shi ne gabashin duniya. Mutanen Sin sun rubuta yadda ake haɗa albarushi a wani littafin soja tun 1044. Sa'ad da Mongolawa suka kai wa Japan hari a 1281 guguwa ta nutsar da jiragensu, kuma masu bincike a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Takashima sun tsamo ƙwallayen yumɓu da aka cika da albarushi, wasu har da gutsattsarin ƙarfe a ciki.

To, Mu Fa?

Idan aka duba littattafan da suka yi bayanin yaƙi a ƙasar Hausa, za a ga jerin makamanmu sanannu ne: kwari da baka, kibiya mai dafi, mashi, takobi, garkuwa, sulke, lifidi da kwalkwali, daga baya kuma bindiga. Tukunyar nafɗu ba ta cikin jerin. Wannan ba rashin iya ginin tukwane ba ne, kuma ba rashin hulɗa da Masar ba ne, domin alhazanmu da fatakenmu sun san hanyar Alƙahira tun da daɗewa. A ganina dalilai biyu ne.

Na farko, babu ɗanyen mai da ke fitowa da kansa a ƙasarmu, man gyaɗa da man kaɗanya kuwa ba sa yin wannan aiki. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne abin da ake son ƙonawa. A can, jiragen ruwa ne da hasumiyoyin katako da aka lulluɓe da jiƙaƙƙiyar fata, dole sai da wuta mai naci. A nan kuwa ganuwa ta ƙasa ce, ko an shekara ana zuba mata wuta ba abin da zai same ta. Amma abin da ke bayan ganuwar fa? In ka ɗebe sorayen sarki da na attajirai, sauran gari jinka ce da zana da dangar kara da rumbuna. Yaƙi kuma da rani ake fita, bayan an gama girbi, lokacin da komai ya bushe ƙayau, iskar hunturu tana kaɗawa. A irin wannan hali kibiya guda da aka naɗa wa tsumma mai wuta, ko bakin wuta guda a hannun wanda ya haura katanga, ya isa. Kowane ɗaki tukunyar wuta ne da mai shi ya gina da hannunsa.

Labari mafi kusa da na Akka da ke cikin tarihin yankinmu ya zo ne daga Barno. Limamin Mai Idris Aloma, wato Ahmad Ibn Fartuwa, ya rubuta yadda a shekarun 1570 Mai ya kewaye wani gari mai kafi da ake kira Amsaka, ya sa aka gina hasumiyoyi don 'yan bindigarsa su riƙa harbi cikin garin daga sama. Mutanen garin kuma suka riƙa jefo wuta da kibau masu dafi da curin yumɓu, har da tukwane cike da tafasasshiyar ƙazanta. Ga tukunya a fagen fama, sai dai abin da ke cikinta abin da ƙasar ta tanada ne. Ko da albarushi ya yawaita daga baya, har Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa shi ana kuma ƙera igwa a Zinder, hanyar ƙone gari ba ta canza ba.

Yadda Gari Ya Zama Daji

Yanzu sai mu komo gida, ga tambayar da malam ya ce mu yi wa kakanninmu. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan da aka kora suka yi arewa, suka kafa Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tun daga nan ƙasar da ke yammacin Katsina, wadda ta haɗa da Batsari da Safana na yau, ta zama hanyar yaƙi. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobirawa da Maraɗawa da Buzaye a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi. Gobirawa suka sake taruwa a Tsibiri, Ɗan Mari kuma ya gaji Rauda.

A farkon shekarun 1840 Ɗan Mari ya samu goyon bayan garuruwa da dama na wannan yanki, aka yi wa Sarkin Katsina Siddiƙu tawaye. Siddiƙu ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi, kuma marubuta tarihi sun danganta watsewar garuruwan yankin da wannan horo, tare da hare-haren da suka ci gaba da zuwa daga arewa shekara da shekaru. Shi ma Siddiƙu an tuɓe shi a 1844. Talakan da ke tsakiya bai tsira daga kowane ɓangare ba. In ya bi Katsina, Maraɗawa su ƙone shi, in ya bi Maraɗi, Katsinawa su ƙone shi.

Muna da shaidar gani da ido. A watan Maris na 1853 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Sun bi ta Kuraye da Kurfi, inda ya yi mamakin irin ganuwa da ramukan tsaro da aka kewaye garin da su, suka sauka a Zakka, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Safana a yau. Daga nan suka ratsa daji zuwa Zurmi a cikin sauri da fargabar rundunar Gobirawa, suna wuce kufan garuruwan da ciyawa ta rufe. Wato wani ɓangare na abin da muka tashi muka tarar ana kira dajin Rugu, wanda muke zaton haka Allah ya halicce shi, a da garuruwa ne masu kasuwa da rijiyoyi da gonaki.

Yadda hakan ke faruwa ba boyayye ba ne ga ɗan manomi. Ɗaki in ya ƙone, mako biyu sun isa a yanko shuci a sake baibaye shi. Rumbu in ya ƙone da kaka, babu abinci sai wata kakar, babu kuma irin shukawa. Wanda aka ƙone wa rumbu sau ɗaya zai ci bashi ya zauna. In aka maimaita, sai ya kwashi iyalinsa ya nufi gari mai ganuwa ko gindin dutse. Gonar da aka bari shekara biyar ta zama saura, wadda aka bari shekara ashirin ta zama kurmi, kurmin kuma ya zama mafakar maharan da za su ƙone gari na gaba. Waɗanda suka daure suka zauna su ne suka jawo wa Rumawa sunan jarumtaka da ake faɗa har gobe. Sai a farkon ƙarni na 20, da hare-haren suka lafa, jama'a suka riƙa komowa suna sare daji suna sake kafa ƙauyuka.

Kammalawa

Da a ce a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce tarihi ne kawai. Amma a ranar 14 ga Fabrairu, 2020, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin Ƙaramar Hukumar Batsari, suka kashe mutum 30 kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar, suka ƙone gidaje da dabbobi da kayan abinci. Da yawa daga cikinmu muna da dangin da suka bar ƙauye a waɗannan shekaru suka komo Batsari ko Katsina. Nafɗun da kakanninmu ba su da shi, yau ga tataccensa nan ana sayarwa a galan a bakin hanya. Tun farkon Musulunci Halifa Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ya gargaɗi rundunarsa da kada su kashe mata da yara da tsofaffi, kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su rusa wurin da mutane ke zaune. Mai ƙone rumbu ya saɓa wa wannan duka a tashi ɗaya.

Saboda haka ina da shawarwari uku ga wannan ƙungiya tamu. Na farko, duk lokacin da za mu kai gudummawa ga waɗanda aka ƙone wa gari, mu sa irin shuka da hatsin da zai kai su kaka a gaba da komai, domin tarihi ya nuna rashinsu ne ke tayar da gari. Na biyu, mu da muke aikin gwamnati, kowa a ma'aikatarsa, mu riƙa tuna wa na gaba da mu cewa mayar da mutane ƙauyukansu da tsare su a can shi ma aikin tsaro ne, tun da duk gonar da aka bari daji ne ke ƙaruwa. Na uku, mu sa ɗaliban makarantarmu na yanzu su ɗauki maganar tsofaffin garuruwansu a waya lokacin hutu, sunayen kufai da inda mutanensu suka koma, a tattara a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Wanda kuma garmarsa ta tono tsingaro ko tsohuwar tukunya a gona, kada ya yar, kada kuma ya shiga haƙa, ya lura da wurin ya sanar da gidan tarihi. Tsingaro huɗu na Ƙudus sun yi fiye da shekara 50 a ajiye kafin a sami na'urar da ta karanta abin da ke cikinsu.

Ga malaminmu na tarihi, in wannan mujalla ta iso hannunka, Malam, ga amsar aikin hutun nan na kawo, ko da yake ta makara ƙwarai. Ina fata za a duba da sassauci kamar yadda aka saba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.